Yaushe Amarya Za Ta Tare? Lissafin Lokaci A Auren Mazauna Ƙasashen Waje

A Gusau da Tsafe da Bungudu, tsakanin ɗaurin aure da tarewa yawanci kwanaki ne, in abin ya ja a yi makonni kafin a gama jere a kai amarya ɗakinta. Amma akwai wani irin aure da ke ƙaruwa sannu a hankali, wanda tarewarsa ba ta hannun iyayen amarya, ba ta kuma hannun dangin ango. Angon likita ne a Manchesta, ko injiniya a Toronto, ko ɗan gari ne da ya tafi karatu Amurka ya samu wurin zama. Wani lokaci ma matar ce ke da takardar can, ƙila an haife ta a Amurka sa'ad da mahaifinta ke karatu, mijin kuwa yana koyarwa a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ko ta wace fuska aka duba, sai an bi ta ofishin jakadanci, kuma wanda ke can ne zai tsaya wa na gida ya nema masa izinin zama na dindindin.

Abin da na lura da shi shi ne gidaje da yawa suna yin lissafin a juye. Haɗa takardu da shigar da su, wanda shi ne abin gaggawa, sai a bar shi har bayan biki da 'yan watanni. Ajiye aiki da barin makaranta da zagayen sallama da dangi, waɗanda ya kamata su zo a ƙarshe, su ake fara yi. Sai ka ga yarinya ta shekara ɗaya da rabi a gidan iyayenta, ba aiki ba karatu, duk wadda ta shigo barka ko gaisuwa sai ta ce mata, "Har yanzu takardun ba su fito ba?"

Lissafin yana farawa ne tun kafin a sa rana, daga irin takardar da mijin ke riƙe da ita. Idan kawun yarinya ya tambayi masu neman aure inda yaron yake, aka ce "yana waje", wannan ba amsa ba ce. Mutanenmu sun fi sanin Saudiyya, to a can iƙamar ma'aikaci tana rataye ne da aikinsa, ta iyalinsa kuma tana rataye da tasa. Ranar da kwangila ta ƙare, zaman kowa ya ƙare. Ga kuma harajin da aka fara karɓa a Yulin 2017 kan kowane mutum ɗaya na iyalin baƙo, riyal 100 a wata, wanda ya yi ta hawa har ya kai 400 a 2020. Zama ne mai kyau ga wanda ya samu, kusa da Harami, amma ba zaman dindindin ba ne, kuma aure ba ya mayar da shi hakan.

A Birtaniya, ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin shi ne zai iya nema wa matarsa bizar aure. Wanda ke kan bizar aiki, wata hanya daban yake bi, matarsa 'yar rakiya ce, in aikin ya suɓuce ita ma ta rasa madafa. Ɗalibai kuwa, a 2022 'yan Najeriya ne suka fi kowa kai iyali ta wannan ƙofa, sama da mutum 60,000 a shekarar, amma daga Janairun 2024 aka hana masu digiri na biyu na darasi zuwa da iyali, sai masu digirin bincike. A Maris na shekarar aka yi wa masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya irin wannan hani. A Amurka, matar ɗan ƙasa ba ta bin layin ƙayyadadden adadi, amma matar mai katin zama, wanda ake kira girin kad, tana cikin rukunin da ke da adadi a shekara, don haka jiranta ya fi tsawo. A Kanada, mai zaman dindindin dole ya kasance yana zaune a ƙasar lokacin da yake nema, ɗan ƙasa ne kaɗai zai iya nema daga Gusau, in ya nuna zai koma tare da ita.

Daga nan sai ranar ɗaurin aure, kuma a nan ne al'adarmu da dokarsu suka fi cin karo. A wurinmu aure yana ɗauruwa da waliyyi da wakilin ango da shaidu da sadaki. Ango na iya kasancewa a bayan sahu, ko ma a wata ƙasa, amarya kuwa tana cikin gida da ƙawayenta, sai dai a shigo a ce mata an shafa fatiha. A shari'a ba abin da ya samu wannan aure. To amma Kanada tun Yunin 2015 ta daina karɓar auren da aka ɗaura ta wakilci ko ta waya ko ta intanet: sharaɗinta shi ne miji da mata su kasance a wurin da jikinsu. Saurayin da ya ce hutu bai samu ba, a ɗaura kawai, Baffa ya karɓa masa, ya zo daga baya, ya yi wa kansa tarko da hannunsa. Amurka tana karɓar auren wakilci ne kawai in an nuna ma'auratan sun haɗu sun yi zaman aure bayan ɗaurawar. Birtaniya ta fi sauƙi a nan, tana karɓa muddin auren ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi.

Maganin ba shi da wuya in an sani da wuri. A sa rana daidai da hutun ango, komai tsadar tikiti. In Kanada ce, ya fi a ɗaura a ƙofar gidan mahaifin yarinya kamar yadda aka saba tun da, tana nan, shi ma yana nan, su biyun su sa hannu a takardar shaidar aure a ranar, a gaban limami da shaidu, a ɗauki hoto. Ba a rage wa addini komai ba, an dai toshe ƙofar gardama. Na san akwai dattawan da za su ce yaushe aka fara fito da amarya gaban maza. Ba a ce a fito da ita taro ba. Zaure ya isa.

Akwai abubuwa uku da ba sa gyaruwa da hanzari, gara a faɗe su ƙarara. Na farko, Birtaniya da Kanada ba sa duba takardar matar da ba ta cika shekara 18 ba, kuma a ƙauyukan Tsafe da Bungudu aure ƙasa da haka ba baƙon abu ba ne. Na biyu, kishiya. Kanada da Amurka auren fari kaɗai suka sani: in mutum yana da uwargida a Kwatarkwashi ya ƙara aure, amaryar ba matarsa ba ce a idon dokarsu, ko da uwargidan ba ta taɓa taka filin jirgi ba. Birtaniya ma ba ta yarda mata biyu su shigo ta hannun miji ɗaya ba. Na uku shi ne ɓoye aure. Wanda ya yi aure kafin ya karɓi zaman dindindin na Kanada, amma ya rubuta cewa shi gwauro ne don kada takardunsa su yi jinkiri, ƙa'idar ita ce ba zai iya ɗauko wannan matar daga baya ba. Jinkirin 'yan watanni ya gudar wa, ya faɗa cikin na shekaru.

Sai takardun ita matar, waɗanda ya kamata a fara tun ranar da aka kai kuɗin gaisuwa. Mu mutane ne masu jingina suna da gari. Sakamakon WAEC ya ƙare da Tsafe, katin NIN ya tsaya a sunan uba, fasfo kuma ya ɗauko sunan kaka. Ranar haihuwa a wata takarda 1 ga Janairu, a wata kuma wata rana daban da malamin firamare ya ga dama ya rubuta. Mu a wurinmu mutum ɗaya ce, jami'in da ke zaune a Legas ko Landan kuwa mutum uku yake gani. Gyaran NIN da karɓar shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya da yin fasfo a ofishin shige da fice na Gusau duk suna cin watanni, kuma ba wanda ya hana a gama su kafin biki. Bazawara tana buƙatar takardar saki da kotu ta tabbatar, mai ɗauke da kwanan watan da ya riga na sabon auren, domin sakin baki ba ya shiga fayil.

Wasu suna rugawa Abuja su yi auren rajista, a zatonsu Turawa ba su san auren Musulunci ba. Sun san shi, suna kuma karɓarsa in akwai takarda ingantacciya. Abin da ba a gaya wa masu rugawar shi ne auren rajista na ƙarƙashin dokar tarayya auren mace ɗaya ne, ƙarin aure a kansa laifi ne, kuma kotun da ke raba shi ba kotun shari'a ba ce, babbar kotu ce. Wanda zai shiga, ya shiga da saninsa.

Abin da ya fi ba mutanenmu wuya shi ne tabbatar da cewa auren na gaskiya ne. Jami'in biza yana son ganin hotuna tare, hirar waya, shaidar aiko da kuɗi, tambarin fasfo da ke nuna miji yana zuwa gida. Yarinyar da aka tarbiyyantar da kunya, wadda ko sunan mijinta ba ta faɗa, ita ce za a zaunar a tambaye ta ina suka haɗu, wane irin aiki yake yi, ɗaki nawa ne a gidansa. In auren haɗi ne na dangi, a faɗi hakan kai tsaye, sun san da irinsa, ƙirƙirar labarin soyayya ne ke kayar da mutane. Kuɗin da miji ke aikowa su riƙa shiga asusun matar da sunanta, ba ta hannun wani ɗan canji zuwa asusun yayansa ba. In akwai giɓi a hirarsu, a yi bayani. Duk ɗan Zamfara yana tuna Satumbar 2021 da aka datse layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar 'yan bindiga, har mutane suna tafiya Funtuwa don su yi kira. Har yau akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Saboda haka adireshin imel da za a ba ofishin jakadanci ya zama wanda mijin ma yake dubawa kullum, don wasiƙar neman ƙarin takarda tana zuwa da wa'adi.

Maganar kuɗi ita ce ke yanke ranar da za a iya shigar da takarda, musamman a Birtaniya. Daga 2012 an buƙaci mai nema ya nuna albashin fam 18,600 a shekara, a Afrilun 2024 aka ɗaga zuwa 29,000. Hanyar da aka fi bi ita ce takardun albashi na wata shida a wurin aiki ɗaya, na ƙarshen kada ya wuce kwana 28 kafin ranar nema. Ma'ana, ango da ya sauya aiki ana gobe biki, ko ya ɗauki dogon hutu marar albashi don shagali, yana iya tura tarewarsa gaba da kansa. Kuɗin bizar a 2025 fam 1,938 ne, na inshorar lafiya 3,105, wanda a canjin shekarar ya kusa naira miliyan 10, ban da tikiti. Gidan da ya san da wannan zai sassauta wa yaro a lefe da dina. Amurka tana neman kuɗin shigar da ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talaucinta. Kanada ba ta sa mafi ƙarancin albashi ga mai ɗauko mata ba, amma tana sa shi ya rattaba hannu cewa nauyinta yana kansa shekara uku, ko da sun rabu.

Kowace takarda kuma da nata wa'adin. Gwajin tarin fuka na Birtaniya, wanda ake yi a asibitocin da suka amince da su a Abuja da Legas, wata shida yake yi. Gwajin lafiyar Kanada shekara ɗaya. Birtaniya tana kuma neman jarrabawar Turanci ta ji da magana, kuma kiredit ɗin WAEC ba ya maye gurbinta, sai dai digirin da aka tantance. Don haka a fara da masu daɗewa, fasfo da Turanci, a bar masu saurin mutuwa zuwa ƙarshe. Ga kuma hanya: daga Gusau a bi ta Tsafe zuwa Funtuwa, Zariya, Kaduna, kafin Abuja, titin da ba mai son ya bi da yamma. In Amurka ce, ganawar bizar zama a Legas ake yi. Duk abin da za a iya haɗawa a tafiya ɗaya, a haɗa.

Dalilin da ya sa nake cewa a shigar da wuri shi ne dokokin nan ba sa jiran kowa, kuma a 'yan shekarun nan tsanani suke ƙarawa. A ƙarshen Janairun 2020 Shugaba Trump ya dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama, har da matan 'yan ƙasa, sai wadda aka yi wa rangwame na musamman. Biden ya soke dokar ranar da ya hau mulki a Janairun 2021. A Disamban 2025 gwamnatin Trump ta sake sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza. A Birtaniya, wanda ya shigar kafin 11 ga Afrilun 2024 da tsohon ma'auni aka auna shi, wanda ya makara da kwana ɗaya sai da ya nemo ƙarin fam dubu goma da ɗoriya. Ga faɗuwar naira tun daga Yunin 2023, wadda ta ninka kowane kuɗi da ake biya daga gida. Wanda ya cika sharuɗɗa yau, ba shi da dalilin bari sai bayan Sallah.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Birtaniya tana cewa mako 12, Kanada shekara ko fiye, Amurka, kafin taƙaitawar Disamban 2025, takan haura shekara har ta doshi biyu, kuma kowannensu na iya ƙi. Ma'aikaciyar jinya ko malamar makaranta kada ta miƙa takardar ajiye aiki sai biza ta shiga hannunta. Ɗalibar da ke Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe ko jami'a, wadda saura mata shekara ta gama, ra'ayina ta gama. A shigar da takarda tana karatu, jiran ya tafi tare da zangon ƙarshe. Macen da ta sauka Ingila da shaidar aikin lafiya a hannu ba ɗaya take da wadda ta bar aji uku ba, ko a wajen samun aiki, ko a ranar da zama ya yi tsami. Ta karɓi sakamakonta da duk takardun makaranta kafin ta tashi, don neman su daga nesa wahala ce. Kayan ɗaki na miliyoyi kuwa, gado da kujeru ba sa hawa jirgi. In iyaye sun mayar da kuɗin zinari ko fili da sunanta, sun fi yi mata gata.

A ina za ta zauna a tsawon jiran? Wannan tambaya ce da ake jin nauyin yi, kuma ita ce ke haddasa rigima. Gidan surukai ba miji yana da nasa zafin, gidan iyaye kuma da aure a kai yana da nasa tsegumin. A yanke tun kafin fatiha, a kuma yanke ciyarwa, domin nafaƙa ba ta jiran biza. Malamai suna kawo cewa Sayyidina Umar ya iyakance watannin da mayaƙi zai yi nesa da iyalinsa, wasu ruwayoyi huɗu, wasu shida. Mijin da ya shekara biyu bai leƙo gida ba da sunan tara kuɗin biza ya tauye haƙƙi, ya kuma raunana fayil ɗinsa, tunda zuwansa gida yana cikin hujjojin da ake dubawa.

Zuwa gida kuma yakan zo da rabo. Ciki yana taɓa hoton ƙirjin da ake yi a gwajin lafiya, kamfanonin jirgi kuma ba sa ɗaukar mai tsohon ciki, yawancinsu daga mako 36. Jaririn da aka haifa ana tsakiyar nema dole a sanar da shi a ƙara shi. Inda aka haihu ma yana da tasiri: mai zaman dindindin a Birtaniya wanda bai zama ɗan ƙasa ba, in matarsa ta haihu a can ɗan ɗan ƙasa ne, in ta haihu a Gusau sai an nema masa tasa bizar da nata kuɗin. Agola kuma, a dokar Amurka sai in an ɗaura auren uwarsa kafin ya cika 18 mijin zai iya nema masa.

In biza ta fito, tana da ranar mutuwa, ba a tsayawa jiran bikin ƙanwa. Amma a Amurka akwai wurin da ɗan jinkiri ke da riba. Matar da ta shiga ƙasar aurenta bai cika shekara biyu ba, katin wucin gadi na shekara biyu ake ba ta, sai sun sake nema tare kafin a cire sharaɗin. Wadda ta shiga bayan cikar shekara biyun, katin shekara goma take samu kai tsaye. Tunda bizar kan yi har wata shida, in saura makonni kaɗan auren ya cika shekara biyu, a duba kalanda kafin a yanki tikiti.

Sauka ba ita ce ƙarshen lissafi ba. A Birtaniya ana ba da wata 33, a sabunta da wata 30, sai bayan shekara biyar a nemi zaman dindindin, da ƙarin jarrabawar Turanci a kowane mataki. Duk tsawon nan zamanta yana rataye da auren, in an sake ta izinin na iya faɗuwa, sai dai doka ta ware hanya ga wadda mijinta ya rasu ko wadda ake cutarwa a gida. Ya kamata kowace yarinya ta san wannan kafin ta tafi, fasfonta kuma ya zauna a hannunta. Kanada takan ba da zaman dindindin tun ranar sauka, da sharaɗin kwana 730 a cikin ƙasar a kowace shekara biyar. Katin Amurka kuwa, wadda ta yi shekara a waje ba izini ana ɗaukar ta bar shi. Al'adar goyon ciki da wankan jego, inda Inna ke cewa a dawo mata da 'yarta haihuwar fari, sai a yi ta da ƙidayar kwanaki, kada arba'in ta zama wata goma.

Masu cewa a fara shiga da bizar ziyara a gyara daga ciki, Birtaniya ba ta yarda a juya ziyara zuwa bizar aure a cikin ƙasar ba, Amurka kuma tana iya ɗaukar hakan yaudara. Auren biza na haya, hukuncinsa a Amurka ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000. Ejan ɗin da ya ce yana da mutum a ciki, kuɗinku yake so. Sharuɗɗan duk suna rubuce a shafukan gwamnatocin kyauta, in abin ya rikice a nemi lauya mai lasisi a ƙasar da za a je.

Kirana ga waliyyai ne. Kamar yadda kuke binciken asali da sana'a da addinin mai neman 'yarku, ku nemi ganin takardar zamansa da idonku, ku ba wanda ya iya karantawa ya duba, ku tambaye shi wace rana zai shigar da takardunta da inda za ta zauna kafin su fito. In ya kasa amsa waɗannan, kada ku sa rana tukuna.